Fatawar da Yaya Uwaisu Ya Bayar

Yayana Malam Uwaisu ya shekara ashirin da huɗu yana yanka a kwatar Dutse, kuma ban taɓa ganin ɗigon jini a rigarsa ba. Shi ne malamin yanka. Mahauta za su kayar da sa, su fuskantar da shi alƙibla, shi kuma ya duba idon dabbar da numfashinta, ya ambaci sunan Allah ya sa wuƙa, ya ja da baya kafin jini ya yi tsartuwa. Daga nan nasa ya ƙare, sauran na masu fiɗa ne. Ladansa ɗan abin da ba a rasa ba da tsokar wuya, wadda matarsa Anti Rakiya ta dafa har ta san ta fiye da tafin hannunta.

Mu mutanen Miga ne. Mahaifinmu Malam Ahmadu, Allah Ya jiƙansa, yana da makarantar allo a ƙofar gida, amma abin da aka fi saninsa da shi ilimin gado ne. Daga Ringim, daga Jahun, daga ƙauyukan da ke bayan Gujungu ake zuwa ya raba wa mutane abin da mamaci ya bari, kuma in ya raba ba a sake tayar da maganar. Yaya ya ɗauke wannan karatu kaf. Ya ɗauki taurin kan ma, ya ƙara da nasa. Ni Ikilima, autar gidan, ni aka saki na yi boko, yanzu ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yammata a Dutse. Shi ya sa duk takardar da ta shigo danginmu da rubutun boko, a cinyata take sauka.

Akwai wani mutumin Ringim, Alhaji Abdulkahar, wanda ya yi karatu a zauren mahaifinmu yana saurayi. Daga baya Allah Ya buɗa masa ya tafi Ostareliya karatu, ya zauna can, ya buɗe ɗan kamfanin sayar da naman halal. A shekarar 2021 ya zo gida ganin dangi, ya biyo ta kwata da safe don ya gaisa da ɗan malaminsa. Ya tsaya yana kallon Yaya har ya gama da shanu tara. Da suka zauna ya ce masa, "Malam, wannan hannun naka asararsa ake yi a nan. Ina neman irinka shekara da shekaru. Zan ɗauke ka, bashin Malam Ahmadu da ke kaina na karatu ba zan iya biyansa ba, amma ko wannan in yi."

Yaya ya zo gidana a unguwar Takur ranar yana ta kame-kame, wai ya zo duba yara ne. Sai da na matsa masa ya faɗa. Na yi dariya har na riƙe ciki, domin mutumin da Kano ma sai da dalili yake zuwa shi ne zai tafi ƙarshen duniya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce yana so ya sa wa makarantar Miga rufin kwano, yana so babbar 'yarsa Safa ta karanci aikin jinya. Waɗannan gaskiya ne, amma ni na san akwai na uku. Lokacin da takardar farko ta zo na fassara masa wurin da aka kira shi ƙwararren ma'aikaci, sai ya ce in sake karantawa. Na sake. A duk shekarunsa a kwata babu wanda ya taɓa ce wa abin da yake yi ƙwarewa, ana ganin kowa ma zai iya riƙe wuƙa ya ce bismillahi.

Wahalar da muka sha ba kaɗan ba ce. Dole ya ci jarrabawar Turanci, kuma ni ce malamar. Mutum mai shekara arba'in da uku, gemu ya fara furfura, yana zaune a tabarmata kullum bayan la'asar yana maimaita jimlolin da 'yan aji ɗaya suke raina wa. In ya yi kuskure na gyara sai ya ce, "Malama, a yi haƙuri, ɗalibin tsoho ne." Sau biyu yana faɗuwa a Abuja, a na uku ya haye da ƙyar.

Wajen fasfo ma sai da muka yi faɗa. Ka'idar bizar, kamar yadda lauyar Alhaji ta rubuto, dole mutum ya kasance bai kai arba'in da biyar ba ranar da aka shigar da takardunsa. Wani ɗan kai-komo a bakin ofis ya ba shi shawara ya yi takardar rantsuwa ya rage shekara biyar, kowa haka yake yi. Ni ma na goyi baya, ba zan ɓoye ba. Yaya ya ce mahaifinmu ya rubuta ranar haihuwarsa da ajami a bangon littafinsa, rana da wata da shekara, shi ba zai ɗaga hannu ya rantse a kan cewa Malam Ahmadu ya yi ƙarya ba. Aka rubuta gaskiya. Aka shigar da takardu saura wata goma sha huɗu ya cika arba'in da biyar.

Tsarin abin kashi biyu ne. Kamfani shi ke fara nema, ya ce yana da gurbin aiki kuma ga wanda yake so ya cike shi. In an amince wa kamfani, sannan a duba bizar ma'aikaci. Bayan kusan shekara guda amsa ta zo, an ƙi. Wai ba a gamsu cewa ƙaramin kamfani irin wannan yana buƙatar mai yanka nasa na kansa ba. Alhaji ya kira yana faɗa kamar zai fito ta cikin wayar. Ya ce zai ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke sake duba irin wannan hukunci, lauya ta ce hujjojinsu masu ƙarfi ne, sai dai layin yana da tsawo. Aka ɗaukaka, aka turo mini kwafin takardar. Na karanta ta, na ajiye a cikin jakar da nake ajiye takardun makaranta. A samanta, inda aka rubuta mai ƙara, sunan kamfanin ne, ba sunan Alhaji ba, ba sunan Yaya ba. Na gani da idona, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Yaya ya cika arba'in da biyar muna jira. Lauya ta ce babu damuwa, ana lissafi ne da ranar da aka fara shigarwa, muddin wannan ƙarar tana raye yana nan a matsayin ɗan arba'in da uku. Ya riƙa yi wa Anti Rakiya tsiya da wannan, wai ita tana tsufa shi kuwa Turawa sun tsayar masa da shekaru. Mahauta suka sa masa suna Na-Turai. In ya shigo kwata da asuba sai su ce, "Na-Turai, yau ma da mu za a yi?" Shi kuma ya ce da su za a yi, sai abin da Allah Ya yi.

A farkon 2024 Alhaji Abdulkahar ya faɗi a cikin shagonsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Can aka binne shi. Muka je Ringim ta'aziyya a gidan yayyensa, Yaya ya yi kuka irin wanda ban gani ba tun rasuwar mahaifinmu, kuma na rantse ba don biza yake yi ba.

Alhaji ya bar mata, Hajiya Maimuna, da 'ya'ya uku. Babban shi ne Ziyad, magidanci ne ɗan shekara talatin, can aka haife shi, Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe amma yana da ladabi. Sai mata biyu, ɗaya da aure, ƙaramar tana da shekara goma sha uku. Bayan sadakar arba'in, wata Asabar da hantsi, Ziyad ya kira wayata domin ta Yaya ba ta ɗaukar kiran bidiyo. Yaya ya taso daga kwata ya zauna a tsakar gidana, ni ina gefe ina duba jarrabawar ɗalibai.

Bayan gaisuwa Ziyad ya ce, "Baffa, Mama ce ta ce in tambaye ka, ta ce Baba ba ya yanke irin wannan magana sai ya ji daga gidan Malam Ahmadu. Akantanmu ya ce za mu iya barin kamfanin yadda yake da sunan Baba, mu ci gaba da aiki, a raba daga baya in an natsu. Ko kuma mu rufe shi a raba yanzu. Wanne ne daidai a addini?"

Yaya ya gyara zama. Na san wannan zaman, na mahaifinmu ne. Ya tambayi magada ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi shekarun ƙaramar. Da ya ji, sai ya ce, "Ziyad, akwai marainiya a ciki. Ba a juya dukiyar da haƙƙinta yake cakuɗe a ciki ba tare da an san nata ba. Mahaifinka ya gama cinikinsa a duniya, kada ku bar sunansa yana saye yana sayarwa bayan yana kabari. Ku rufe, ku raba, kowa ya san nasa. In kun ga dama ku sake haɗawa ku buɗe da sunanku, wannan halal ne."

Ziyad ya ce, "To Baffa, maganar takardunka fa?"

"Shagon zai tashi daga inda yake?"

"A'a."

"Za ku daina sayar da nama?"

"A'a, Baffa. Komai yana nan, suna kawai zai canza."

"To ai shi ke nan. Mahaifinka ne ya yi mini alkawari, kai ne magajinsa. In ka ɗauka, ya zama naka."

"Na ɗauka, Baffa. Yana wuyana."

Ni da na karanta takardar, ni da na ga sunan da ke samanta, ina zaune da jan biro a hannu ina gyaɗa kai. Maganar ta yi mini daidai ɗari bisa ɗari. A wajenmu haka abin yake, in uba ya mutu ɗa ya gaji rumfarsa da abokan cinikinsa da alkawuransa, ba wanda zai ce rumfar ta zama wata rumfa don an canza allon da ke bakinta. Har na yaba wa Yaya bayan an kashe waya, na ce yau na ga Malam Ahmadu ya dawo. Babu ɗayanmu da ya yi tunanin a tambayi lauyar biza. Mene ne haɗin lauyar biza da rabon gado?

Ziyad ya yi yadda aka ce. Aka raba, aka cike takardu, aka soke rajistar tsohon kamfani, aka buɗe sabo da sunan magada. Ya turo mana hoton sabon allon, Yaya ya sa masa albarka.

Wata takwas bayan haka layi ya zo kanmu. Maimakon ranar zama, wasiƙa ce ta zo daga kotun. Ta ce an bincika an ga kamfanin da ya shigar da ƙara ba ya cikin rajista, don haka ana neman bayani a kan dalilin da zai sa a ci gaba da sauraron ƙarar wanda babu shi. Na tashi na zaro tsohuwar takardar daga jaka na haɗa su, sai a lokacin na ga abin da ya shekara biyu yana gabana.

Lauyar ta kira washegari, Ziyad yana gefenta. Baturiya ce dattijuwa, ranta a ɓace, tana ta tambayar me ya sa ba wanda ya faɗa mata. Ni ce tafinta. Ta ce a dokarsu kamfani mutum ne mai zaman kansa, daban da mai shi. Mutuwar Alhaji ba ta taɓa ƙarar ba ko kaɗan, da an bar kamfanin da an ci gaba. Amma da aka soke rajista, mai ƙarar ne ya gushe. Sabon kamfanin wani mutum ne daban, bai nemi komai ba, ba a hana shi komai ba, saboda haka ba shi da bakin magana a wannan shari'a.

Yaya ya ce in tambaye ta, shi fa? Shi ne za a ɗauka, shi ne ya yi jarrabawa, yana raye, ga shi zaune. Ta ce ta sani, amma ba shi ya nemi gurbin ba, bizarsa rataye take a jikin neman kamfani. Ya ce to magaji fa, ga ɗan mamacin nan a gefenta, ya ɗauki alkawarin a gaban shaidu. Na fassara mata. Ta kalli Ziyad, ta kalle mu, ta ce cikin taushi alkawarin yana da kyau, amma kotun ba ta da inda za ta rubuta shi.

Akwai ƙofa ɗaya, in ji ta. Ana iya neman a dawo da rajistar tsohon kamfani, sai dai tunda masu shi ne suka rufe da kansu kuma an riga an raba abin da ke ciki, sai an bi ta wata kotun, sai duk magada sun sa hannu, kuma ba ta da tabbacin za a gama kafin wa'adin da aka ba su. Ziyad ya yi bakin ƙoƙarinsa, wannan zan shaide shi ko a gaban waye. Amma mijin ƙanwarsa ya ƙi. Ya ce an yi rabo bisa fatawar malami, matarsa ta karɓi nata, ba za a sake tono abin da aka gama ba don a kawo wani daga Najeriya. Da aka matsa masa sai ya ce a tambayi malamin da ya yi fatawar ko ya janye ta. Ziyad bai iya kawo wa Yaya wannan tambayar ba, ni ya faɗa wa. Ni ma kwana uku ina juya ta kafin na faɗa.

Yaya ya ce, "Fatawar daidai take. Me zan janye?"

Na yi masa faɗa ranar, faɗan da ban taɓa yi wa wanda ya girme ni ba. Na ce shekara uku na ɓata a kan Turancinsa da takardunsa, Safa tana jira, makarantar Miga tana yoyo, shi yana nan yana taƙama da daidai. Na ce kalma ɗaya ce, ya ce a dakata da rabon, malamai nawa ne suke samo wa mutane mafita a abin da ya fi wannan? Ya ɗauki hularsa ya fita ya tari adaidaita sahu. Gaskiyar magana da kaina nake faɗan, shi ne dai a gabana.

Wa'adi ya cika. Ziyad ya ce sabon kamfani zai sake nema daga farko, lauya ta tuna masa cewa wanda za a nema ɗin ya shiga arba'in da bakwai.

Hukuncin ya zo ranar wata Laraba, shafi huɗu. Na buga shi a takarda na kai masa gida a unguwar Yalwawa bayan an tashi daga makaranta. Anti Rakiya ta shimfiɗa mana tabarma ta shige ɗaki, ta san ba labarin daɗi ba ne tun daga fuskata. Ya ce in karanta duka, kada in tsallake komai. Na karanta ina fassarawa. Babu inda aka ce bai iya aikinsa ba, babu inda aka ce kamfanin ba ya buƙatarsa. Ba a ma kai ga wannan ba. An ce kawai kotu ba ta da hurumi domin babu mai ƙara. Sunan Yaya sau ɗaya ya fito, a shafi na biyu.

Da na gama ya karɓi takardar ya ninke ta biyu. Ina so in ba shi haƙuri, amma bakina da ba ya jin magana sai ya tambaye shi wani abu daban. Na ce, "Yaya, don Allah ka gaya mini. Ranar da Ziyad ya kira, da a ce na tuna da takardar nan na faɗa maka abin da zai biyo baya, me za ka ce masa?"

Na zaci zai ce mini daidai daidai ne, kamar kullum.

"Da na ce ya jira," in ji shi. "Na yi ta tambayar kaina, Ikilima. Da mijin ƙanwar Ziyad ya ce in janye, kunyar mutane ce ta hana ni, kowa ya riga ya ji abin da na faɗa. Amma da tun farko na sani, babu wanda ya ji, da na samo masa hujja. Na ma san littafin da zan ɗauko ta. Da na bar haƙƙin marainiya a cakuɗe shekara biyu ko uku don in hau jirgi, kuma da na yi shi da muryar Baba."

Na ce ai bai yi ba. Ya ce bai yi ba ne don bai sani ba.

Har yanzu yana zuwa kwata kullum da asuba, mahauta sun daina kiransa Na-Turai ba tare da an hana su ba. Safa ta shiga koyon ɗinki. Ziyad yana kira lokaci-lokaci, su gaisa kawai, su ajiye waya.

Watan jiya wasu dattawa uku suka taso daga Miga, ɗan'uwansu ya rasu ya bar gonaki da awaki da 'ya'ya ƙanana. Ina gidan suka yi sallama. Yaya ya fita ya karɓe su, ya sa aka kai musu ruwa da fura, ya yi musu ta'aziyya. Da suka kawo maganar rabo sai ya ce su je Ringim wajen Malam Abdulwahab, shi ya daina. Babbansu ya ce, "Haba Malam, gidan Malam Ahmadu fa muka zo. Tun kakanninmu nan ake raba mana." Ina jin su ta bayan ƙyaure. Yaya ya ce, "Malam Ahmadu ya rasu, Baba. Ku yi haƙuri, ku je Ringim tun rana ba ta yi ba."